Ungulu Ta Bar Kwata, Tsamiyar Gidanta Ma An Sare

Duk wanda ya haura shekara arba'in a Katsina ko Daura ya san yadda kwata take da hantsi a da. Mahauta na fiɗa, ungulaye sun jeru a kan katanga da rassan itace, wasu na tattaki a ƙasa tsakanin ƙafafun mutane, ba mai korarsu sai in sun matsa wa tire. A ranar kasuwa a Mai'adua ko Mashi ko Charanchi haka abin yake. Yau yaro ɗan shekara goma sha biyar zai ce maka ungulu ba ta jewar banza, alhali bai taɓa ɗaga kai ya ga jewar ba.

Ungulun da muke magana a kanta ita ce ƙaramar nan mai siririn baki da jar fuska, wadda ta saba da zama cikin mutane. Nauyinta bai cika wuce kilo 2 ba, in ta buɗe fukafukai kuma sukan kai mita ɗaya da rabi ko fiye. A shekarar 2015 ƙungiyar IUCN, mai riƙe da kundin halittun da ke cikin haɗari a duniya, ta sa ta a matakin ƙarshe kafin ƙarewa. Dalilin da ya sa raguwarta ke da wuyar gyarawa yana cikin yadda take haihuwa. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Uwa da uba su yi kwancinsa wajen kwana 50, ɗan ya yi wata 3 zuwa 4 a sheƙa kafin ya tashi, bayan ya tashin ma iyayen su ci gaba da ciyar da shi wasu watanni. Zabuwar daji in aka kashe mata rabin 'ya'ya, baɗi ta mayar da gurbinsu. Ungulu kuwa in aka kashe babba ɗaya a lokacin kwanci, an kashe biyu ke nan, kuma sai an yi shekaru kafin a sami wadda za ta maye wurin.

Mutane da yawa ƙyamarta suke yi, shi ya sa ba su ji zafin tafiyarta ba. Amma aikin da take yi mana ba ƙarami ba ne. Ruwan cikinta yana da tsami mai ƙarfin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe. Jaki ya mutu a bayan gari, kafin ya ruɓe ya tara ƙuda ta cinye naman. In babu ita, mushen na nan kwana da kwanaki, karnukan da ba su da masu su da ɓeraye su gaje shi, su kuma suna shiga gida, suna cizo. Indiya ta ga wannan da idonta. Daga farkon shekarun 1990, cikin shekara goma da 'yan kai, fiye da kashi 95 cikin 100 na manyan ungulayenta suka mutu. Karnukan titi suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓata. Wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane wajen rabin miliyan a can cikin shekara biyar.

A wajenmu babban abin da ya cinye ta shi ne fatauci. Ana neman kanta da ƙafafunta da ƙwanta don tsibbu da neman sa'a, kuma da tsuntsuwar ta yi wuyar samu sai kuɗinta ya hau, kuɗin ya sa masu kamu suka ƙara ƙaimi har suna tsallaka iyaka zuwa Nijar da Chadi da sauran maƙwabta. A Guinea-Bissau, a farkon 2020, an sa wa irin wannan ungulun guba fiye da 2,000 suka mutu, da yawa an tarar an yanke musu kai. Najeriya na da dokar hana cinikin halittun da ke cikin haɗari tun 1985, an yi mata gyara a 2016, hukumar NESREA mai sa ido kan dokokin muhalli kuma na cikin masu alhakin aiki da ita. Gidauniyar NCF mai aikin kare namun daji da muhalli a Najeriya ta daɗe tana zama da masu maganin gargajiya don su koma ga tsirrai su bar sassan ungulu. Duk wannan yana da amfani. Sai dai jami'in doka ba ya kwana a kwata. Wanda ke ganin baƙo ya zo da asuba yana watsa 'yan gutsattsarin nama a bayan kwata shi ne mahauci. Shi ya sa a ganina maganar Sarkin Fawa ɗaya, cewa ba a kama ungulu a kwatarsa kuma duk yaron da ya nuna wa baƙo inda suke kwana zai bar wurin, ta fi takarda goma aiki. Liman ma yana da abin faɗa a kai: aya ta 38 a Suratul An'am ta ce dabbobin ƙasa da tsuntsayen sama al'ummomi ne irinmu, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke.

Abu na biyu guba ce da ba ungulu aka nufa da ita ba. Kare ko dila ya addabi awaki, sai mai garke ya sami mushe ya barbaɗa masa maganin ƙwari, irin su Furadan mai ƙwayoyi kamar yashi masu launin shunayya, ko fiya-fiya, ko shinkafar ɓera, ya ajiye a bakin daji. Kare ɗaya yake nema. Amma ungulu daga sama take gani, kuma in ɗaya ta sauka sauran na biyo ta daga nesa, don haka mushe ɗaya kan iya share ungulayen gari guda a yini ɗaya. Karen da ya ci ya je ya mutu a wani wuri shi ma ya zama sabon tarko: shirwa da hankaka su ci, su mutu. A Botswana a 2019 ungulu 537 suka mutu a kan gawar giwaye uku da aka sa wa guba. Maganin ɓarnar kare da dila yana wurin garke: shingen ƙaya mai kauri da tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, ƙofar da ake rufewa da magariba, 'yan awaki ƙanana a kwana da su cikin gida, karnukan gida kuma a yi musu allurar rigakafin hauka duk shekara.

In aka tarar da mushen da ake zargi, akwai alamun da ba sa ɓuya. Matattun ƙudaje a kansa da kewayensa su ne na farko, domin mushe na gaskiya ƙuda rayayyu ke binsa. Sai tsuntsaye ko karnuka matattu a kusa, da ƙwayoyi masu launi a jikin naman, wani lokaci da warin magani. Kada a taɓa da hannu tsirara. A sa safar roba, in babu a ɗaura leda biyu. A kori yara da dabbobi, a sa mutum ya tsaya yana korar tsuntsaye har a gama, don a wannan ɗan tsakanin ne ake ƙara asara. A sanar da mai unguwa da malamin dabbobi, a ɗauki hoto kafin a motsa komai. Sannan a haƙa rami mai zurfin mita 2, nesa da rijiya ko tafki da aƙalla mita 100, a zuba mushen da duk abin da ya mutu a kansa, har da ƙasar da ruwansa ya jiƙa. A ƙone su ƙurmus a cikin ramin, masu aikin su tsaya ta inda iska ke fitowa don hayaƙin ma guba ne. A rufe, a danne da duwatsu da ƙaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne rami marar zurfi: kare ya tone shi cikin dare, gobe a koma gidan jiya. Na biyu shi ne a bar matattun tsuntsayen a fili, wani ya tsince su ya kai kasuwa, gubar ta bi su har cikin maganin da mutum zai sha.

Wadda aka samu da sauran rai za a gan ta ta kasa tsayuwa, fukafukai sun zube, yatsu sun dunƙule, miyau na zuba, tana amai. A lulluɓe mata kai da zane don ta natsu, a riƙe wuya ta bayan kai saboda bakinta na yanka, a sa ta cikin kwali mai huji a inuwa, a kan ƙirjinta, ba a rigingine ba. Kada a ɗura mata ruwa ko madara ko manja, domin tsuntsun da ba ya iya haɗiya abin huhu yake tafiya ya kashe shi. Likitan dabbobi na da allurar Atropine da ke karya irin wannan gubar in an kai da wuri, kuma sa'o'in farko su ne komai.

Akwai kuma allurar da makiyayi ke yi wa dabbarsa da kyakkyawar niyya. Abin da ya kashe ungulayen Indiya maganin ciwon jiki da zazzaɓi ne, wanda a jikin kwalba za a ga an rubuta Diclofenac. Saniyar da aka yi wa shi ta mutu cikin 'yan kwanaki, maganin na nan a namanta da hantarta, ungulun da ta ci kuma ƙodarta ta lalace ta mutu. An tabbatar da haka a kan manyan ungulaye, Indiya da Pakistan da Nepal suka haramta shi ga dabbobi a 2006. Ketoprofen da Aceclofenac da Nimesulide su ma an gano suna da wannan illa. Meloxicam yana yin aiki iri ɗaya kuma an gwada ba ya cutar da su, don haka shi ya kamata a tambaya a kantin maganin dabbobi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: dabbar da ta mutu cikin mako guda da yi mata allura, a binne ta. Haka wadda ta faɗi farat ɗaya, ta kumbura da sauri, baƙin jini marar daskarewa na fita ta hanci ko dubura. Wannan alamar ciwon saifa ce, wanda aka tabbatar da ɓullarsa a Suleja a watan Yuli na 2023. Ba a feɗe ta, ba a jan ta a ƙasa, likita ake kira. Wadda ta mutu da tsufa ko karaya ko wahalar haihuwa ba tare da magani ba, ita ce za a kai bayan gari nesa da ruwa da wayoyin lantarki a bar wa masu ita.

Kwata ma za ta iya ware kusurwa guda inda ake zuba tarkacen da ba a sayarwa, a lokaci ɗaya kullum. Amma wurin ciyarwa da ba mai tsaro tarko ne aka gina wa mafarauci. In ba a sami wanda zai sa ido ba, gara a bari.

Yanzu ga abin da aka fi mantawa da shi. Da Bahaushe ya ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya, abin da ya gani ya faɗa. A kan manyan itatuwa take sheƙa, can sama a mararrabar reshe inda ganye ya rufe: tsamiya, gawo, maɗaci, ɗorawa, kuka, rimi, giginya. Sheƙar ta ƙirare ce, kuma ita ɗin take komawa shekara bayan shekara in ba a dame ta ba. A ƙasashenmu da rani take kwanci, daga bayan kaka zuwa cikin bazara. To wannan shi ne daidai lokacin da ake hawa tsamiya ana kaɗe 'ya'yanta, kuma shi ne lokacin da makiyayi ke sassare rassan gawo, domin gawo ne ke da ɗanyen ganye sa'ad da ciyawa ta ƙare. Ba sai an taɓa ƙwan ba. Uwa ta tashi ta bar shi na sa'a ɗaya ko biyu, sanyin hunturu ko rana su lalata shi, ko hankaka ya fasa shi, shekarar ta tafi a banza.

Don haka bishiyar da ke da sheƙa a bar ta gaba ɗaya daga Nuwamba zuwa Afrilu: ba hawa, ba sara, ba ƙona karan gona a gindinta, ba ɗaura amya a jikinta. 'Ya'yan da suka faɗo da kansu a tsince. Sauran gawon gona in za a sassabe don dabbobi, a ɗauki rassan ƙasa, kada a wuce kashi ɗaya cikin uku na kan bishiyar a shekara, a bar ƙololuwa. Gawon da ake yi wa ƙwal-kwabo duk rani ba ya yin reshen da zai ɗauki sheƙa, kuma 'ya'yansa, waɗanda su ne abincin dabbobi mafi daraja a jikinsa, raguwa suke yi. Hatsarin da ya fi kowane girma shi ne mai injin yanka katako da mai gawayi. Magidanci ya shiga matsi, a ba shi kuɗin tsamiyar da kakansa ya tarar, cikin yini ɗaya ta zama itacen gidan burodi. Faɗa da shi ba ya hana wannan. Abin da ke hanawa shi ne dagaci ya san bishiyoyin sheƙa na ƙasarsa ɗaya bayan ɗaya, mai gona ya san cewa kafin ya sayar sai ya zo an zauna, jama'a ko ƙungiyar matasan gari kuma su kasance a shirye su biya shi kuɗin tsamiyar shekarar da aka hana shi kaɗewa. In ba a biya ba yarjejeniyar ba ta kai baɗi.

Bishiyar da ungulu za ta yarda da ita sai ta yi shekaru masu yawa, shi ya sa tsofaffin ba su da madadi. Masu gadonsu kuwa yanzu ake rainonsu, kuma hanya mafi arha maƙwabtanmu na Maraɗi ne suka nuna ta. Tun 1983 aka fara abin da suke kira sassaben zamani a can, yau ana ƙiyasta ya farfaɗo da hekta wajen miliyan 5 a Nijar. Ba dashe ba ne. Kututturan da ke tohowa a gona duk shekara ana sare su, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Lokacin sharar gona sai a zaɓi kututture, a duba tohonsa, a bar 3 zuwa 5 mafiya ƙarfi da miƙewa, a cire sauran. Waɗanda aka bari a rage musu rassan gefe zuwa rabin tsayinsu kawai. Wuƙa ko adda ta zama mai kaifi, a yi saran daga ƙasa zuwa sama. In aka sara daga sama ɓawon na yagewa ya bi jikin itacen, gara da ruɓa su shiga. A ɗaura jan tsumma don mai neman itace ya san da mai shi. A koma duk wata 3 zuwa 6 a cire sabon toho. Ana iya farawa da 20 zuwa 40 a hekta ba tare da gero ya ji a jikinsa ba, a kuma tabbata akwai gawo, aduwa, magarya da tsamiya a ciki, kada ya zama kalgo da sabara kaɗai.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. Wasu su bar toho ɗaya tal su aske shi har sama, ya yi tsawo ba kauri, iskar farkon damina ta karya shi. Wasu su yi aikin su kaɗai a gari, da an saki dabbobi bayan girbi awaki su cinye. Kewayen ƙaya na shekara biyu na farko da yarjejeniya da Arɗo su ke magance wannan. Sai wutar sharar gona, wadda ke ƙone aikin shekara uku cikin minti goma. Mai son shuka gawo daga iri ya sani ƙwayar na da tauri: a ɗan kankare gefenta ko a zuba mata ruwan zafi a bar ta ta kwana a ciki. Saiwarsa ƙasa take nutsawa da sauri, in ya daɗe a leda ta nannaɗe, bayan dashe ya tsaya cak. Bedi da turare da ake jerawa don tare iska da rairayi, har da na shirin Babbar Koriyar Ganuwa na tare hamada da Katsina ke cikin jihohi 11 da ya shafa, suna da nasu amfanin, amma ba sa maye gurbin itatuwanmu na asali a gona.

Ba ungulu kaɗai ke cin moriyar ba. Mujiya na kwana a kogon kuka, ita ce ke rage ɓeran da ke cin hatsi a rumbu. Shamuwa na sheƙa a manyan itatuwan cikin gari in ta zo da damina, tana cin fara. Fakara da zomo da bushiya da damo a gindin kalgo da sabara suke fakewa. Dajin Rugu, wanda a da shi ne mafakar manyan namun dajin wannan yanki, rashin tsaro ya sa ba a iya aikin kula da shi yadda ya kamata, don haka abin da ya rage mana a hannu yana gonaki da bakin madatsun ruwa irin su Zobe da Jibiya da Sabke da Ajiwa. Kuma dabba na iya farfaɗowa a tsakiyar gonaki: raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa 49 a 1996, yau sun haura 600, a cikin gonakin gero da wake suke yawo.

Abu na ƙarshe ƙidaya ce, domin ba a gane ko aiki na ci sai da ita. Ɗalibi ɗaya da littafin rubutu ya isa. Wuri ɗaya, rana ɗaya a wata, sa'a ɗaya, misali ƙarfe 9 na safe a kwata lokacin da ake fiɗa. A ƙirga sau uku da tazarar minti goma, a rubuta adadi mafi yawa, a rubuta sifili in ba a ga ko ɗaya ba, don sifilin ma labari ne. A raba manya da yara: babba fuskarta ja-ja ce da farin gashi mai laushi a ƙeya, yarinya kuwa ƙeyarta baƙa-baƙa ce, fuskar ta fi kodewa. In shekara ta zagayo ba a ga yara ba, matsalar na wurin sheƙa; in manya ne suka ragu farat ɗaya, a nemi guba ko mai kamu. Ana iya kai littafin sashen nazarin halittu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko ta Tarayya da ke Dutsin-ma, ko a aika wa cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos, mai tattara bayanan tsuntsayen Najeriya. Adadin za a iya faɗa wa kowa. Wurin sheƙa kuwa kada a sa hotonsa a Facebook ko a faɗi sunan ƙauyen a WhatsApp, domin masu saye ma suna karantawa; mai gona da dagaci da mai ƙidaya su uku sun isa su sani.